Kada Ka Cire 'Yar Baba Daga Kwalejin Nan

Zuwa ga ɗana Injiniya,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a nema. Mu nan kalau muke, ban da gwiwata da ke riga kowa sanin za a yi ruwa.

Mahaifiyarka ta ce a waya ka rantse za ka cire 'yarka, 'Yar Baba, daga kwaleji, wai ka tura ta koyon haɗa magunguna, su kuma sun zaunar da ita tana tarihi da zane da ilimin taurari. Ranar da suka gayyaci iyaye sai na ɗauki sandata na je. Malamarsu ta ce a shekarar farko kowa sai ya ɗanɗana komai kafin ya kama fanninsa, kuma abin da suka fi riƙewa shi ne ɗalibi ya iya tambaya, ya iya sauraro. Na leƙa aji, na tarar da su kewaye da teburi, malamin ajin ma sai da aka nuna mini shi, don a cikinsu yake zaune. Dokarsu ita ce ba ka musa wa mutum sai ka maimaita maganarsa, har ya yarda abin da yake nufi ke nan.

Ka san rigimarmu da tsohuwa, mahaifiyarka, kan bishiyar tsakar gida, ita a sare, ni a bari, tun kana nan ake yi. To, da 'yarka ta zo hutu ta tarar mun tayar, sai ta ajiye jaka ta kafa mana dokar aji. Da aka ce in maimaita maganarta, na ce tsohuwa baƙin ciki take da inuwata, tsohuwa ta ce ban ci ba, in sake. Na yi ta sakewa har shayina ya huce. Ashe ita reshe ɗaya ne ya dame ta, wanda ke saman igiyar shanya, inda tsuntsaye ke ɓata mata wanki. An sare reshen, ina nan da inuwata. Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye, ta ce da tun farkon aurenmu aka tura ni makarantar nan da ta huta.

Yanzu bari in gwada da kai. Kana tsoron yarinya ta fito baki cike da zance, hannu babu sana'a, ka kuma tsufa a nesa kana yi mata wahala a banza. In na faɗa daidai, to ga tawa: magungunan suna nan a shekara ta biyu, na ga ɗakin gwajin da idona, kwalabe reras. Mai ba da magani kuwa in bai iya jin ciwon mutum daga bakinsa ba, me zai miƙa masa? Yarinyar tana son wurin, ko abinci ba ta ci sosai tun da ta ji maganarka. Na ce mata ta koma ranar Lahadi, ni zan ji da ubanta. Kada ka kunyata ni a gaban jikata.

Mahaifiyarka da Gwaggonka da Kawunka mai gyaran agogo suna gaishe ka. Ka gaida surukata da su Auta.

Ni ne mahaifinka, daga gindin bishiya.