Ragowar maganinka, Idi

Zuwa ga ƙanena Idi,

Sallama irin ta Musulunci daga gidanmu na Maruta, da fatan kabarinka ya yalwata, ƙasa ta yi maka sauƙi. Bayan haka, akwai abin da ya faru a bayanka, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Ka san ban yi boko ba, amma abin da kunnena ya ji ba ya zubewa. Ranar da na raka ka asibiti a Birnin Kudu saboda farfaɗiyarka, ina tsaye a bayanka likita ta yi maka bayani. Ta ce maganin yana sa jiri da barci, kada ka tuƙa babur, kada ka hau bishiya, kada ka je bakin ruwa kai kaɗai. Ta ce ko ka ji garau kada ka yanke shi lokaci guda, su ne za su riƙa rage maka a hankali. Ta ce kada ka ba kowa, balle mai ciwon ƙirji ko ƙoda. Kai kuwa sai "to, to" kake yi, idonka na kan ƙofa.

Ka riƙe shi dai, wannan na shaide ka. Ka yi shekaru ba ka faɗi ba.

Sai lokacin yankan shinkafa, ranar gayya a fadama, ka yi gyangyaɗi da lauje a hannu, abokan wasanka suka yi ta kiranka Sarkin Barci. Ka dawo gida ka tura maganin ƙarƙashin katifa. Na yi maka faɗa, ka ce, "Yaya, bari a gama girbi tukuna." Farfaɗiyar ta dawo ta kayar da kai a fadama. Ruwan da aka tsamo ka a ciki bai kai gwiwa ba, Idi.

Bayan sadakar bakwai aka fito da kayanka. Ka san yadda muke yi, riga da hula da takalmi duk a bayar, lada ta iske mai su. Matarka Ramatu ta haɗa har da ragowar maganin, don labari ya zaga gari cewa yana kashe raɗaɗin ƙafa. Malam Garba ladaninmu, wanda tafin ƙafarsa ke masa zafi kamar an zuba barkono, shi ya fara aikowa. Ga shi da asma tun muna samari.

Na kwashe maganin na zuba a aljihu. Ramatu ta yi kuka, ta ce na hana mijinta lada. Dattawa suka ce taurin kaina ne ya motsa. Na ce na ji, ba zan bayar ba.

Ashe ta ɓoye kati ɗaya na maganin, ta aika wa Malam Garba.

Ranar Laraba ba a ji kiran azahar ba. Aka sami Malam Garba a zaure, leɓensa ya yi duhu, numfashi da ƙyar, ana girgiza shi ba ya buɗe ido. Ya sha biyu a haɗe, ya kora da maganin tari. Yanzu yana kwance a Birnin Kudu da roba a hanci. Sauran da ke aljihuna na miƙa wa ma'aikatan can da hannuna.

Ramatu ba ta cin abinci. Tana zaune a bakin ƙofa, duk babur ɗin da ya tsaya sai ta miƙe. Ban ce mata uffan ba, kuma na hana kowa ya ce. Don kai ta yi, ɗan'uwana. Ba ta da abin da za ta aika maka sai wannan.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka gaggawarka. Allah ya tashi kafaɗun Malam Garba, ya sauke wa Ramatu wannan nauyi. In kuwa Malam Garba ya riga ni isowa wurinka, ka gaya masa da kyakkyawar niyya ta ba shi.

Wanka,
Habu