Faretin Joyce da Jarrabawar 'Yan Aji Biyu

Rikoto, Zuru
9 ga Yuni

Zuwa ga maigidana, Baban Joyce,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kana lafiya, kai da sojojin da kuke tare. Yaya aiki, yaya ruwa a can? Ƙafar nan da ka ce tana damunka ta saki kuwa? Mu nan ƙalau muke. Mahaifinka, Baba Ishaya, yana gaishe ka, ya ce in gaya maka dawar gonar Dabai ta yi kyau, har an yi noman farko. Abokin aikinka Mika ne ya ce jibi zai koma, shi ya sa na zauna in rubuto maka.

Akwai abin da ya hana ni sukuni. Ranar Litinin hedimasta ya tara mu iyayen 'yan aji biyu, ya ce ƙarshen wata za a turo baƙi daga ofishin ilimi su gwada yaranmu. Ba irin jarrabawar da muka sani ba ce ta a zauna a rubuta. Ɗaya bayan ɗaya za a riƙa kiran yara, a miƙa wa yaro takarda ya karanta da baki, baƙo na riƙe da agogo. Wanda ya kasa ba zai wuce aji uku ba, sai ya maimaita. Yara 'yan shekara bakwai fa! Ni a shekarunsu awaki nake bi a gindin dutse, ba wanda ya taɓa auna ni da agogo.

Ka san 'yarka. Karatu kam ta iya, ba gwangwanin da ke gidan nan da ba ta karanta jikinsa ba. Amma da baƙo ya yi sallama sai ta shige bayan zanena, bakinta ya mutu. Fasto da ya san ta tun tana goye, har yau bai san irin muryarta ba. To ita ce za a zaunar gaban mutumin da ba ta taɓa gani ba? Shekaranjiya ta ture tuwonta, ta tambaye ni ko Munira, 'yar maƙwabciyarmu Fadima, za ta wuce aji uku ta bar ta. Tun aji ɗaya benci guda suke zama.

Ba irin dabarar da ban yi ba. Zumuntar mata sun sa ta a addu'a. Fadima ta ce kan kifi na buɗe baki, na ciyar da ita kan kifi har kuliyoyin unguwa suka san ƙofarmu. Na tare mai gyaran takalmi a hanya na roƙe shi ya zauna ta karanta masa. Bawan Allah ya zauna, ita kuma ta ƙura wa silifas ɗinsa ido har ya gaji ya tafi.

Sai Baba ya ce in ja gefe. Wai shi tsohon saje ne, ya horar da kuratan da suka fi ta tsoro, kuma ba a maganin tsoro da kifi. Ya ciro tsohuwar hularsa daga akwati. Yanzu kullum da safe fareti ake yi a tsakar gida: ta ƙame, ta sara, ta faɗi sunanta da ƙarfi, sannan ya miƙa mata littafi ta karanta yana tsaye can bakin rumbu, yana cewa bai ji ba. Ni dai surukina ne, sai na zuba musu ido. Kaji ma sun koma bayan gida.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaishe da duk na kusa da kai.

Taka har kullum,
Theresa

Rikoto, Zuru
1 ga Yuli

Baban Joyce,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan wannan ta same ka lafiya. Saƙonka ya iso, mun gode, Allah ya ƙara tsarewa. Ka ce in kwantar da hankalina. To zauna ka ji abin da mahaifinka da 'yarka suka jawo mana.

Jiya aka yi jarrabawar. Mu iyaye muka yi cirko-cirko a bayan shingen makaranta, Musulmi na addu'a, Kirista na addu'a, kai ka ce ɗakin haihuwa muke gadi. Baƙin suka zauna a cikin aji, aka jera yara a baranda ƙarƙashin taga. Da rabo ya zo, Joyce aka fara kira. Na kama hannun Fadima.

Sai muka ji ƙarar takalmi ya doki siminti. Sai murya ta tashi, ta faɗi sunanta da sunanka da na Baba, da ajinta. Daga nan ta shiga karanta labarin wata akuya da ta shiga gonar wake, da irin muryar da ake kiran mutum da ita daga ƙetaren rafi. Har masu babur da ke bakin titi suka waiwayo. Malamarsu, Malama Dinah, ta ce an nuna mata kujera ta ƙi zama, ta ƙame ta sara wa shugabar baƙin, matar har ta manta ba ta danna agogo ba. Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka a wurin. Ban taɓa jin 'yata ta yi wa baƙo magana ba sai jiya. Baba kuwa yana gefena yana gyaɗa kai, yana cewa ta ɗan yi sauri a tsakiya.

Murnar ba ta daɗe ba. Ka tuna yara na zaune ƙarƙashin taga, kuma takarda iri ɗaya ce ake ba kowa. Duk sun ji labarin akuyar nan tas. Ka kuma san rabin ajin 'ya'yan sojoji ne da jikokinsu, suna ganin Joyce ta sara sai suka ɗauka haka dokar take. Na biyu ya shiga ya doka ƙafa ya sara ya zuba labarin akuya. Na uku haka. Da aka zo kan Ebenezer, wanda kowa ya san har yau baƙaƙe ba su gama zama masa ba, sai ya karanta labarin daga farko har ƙarshe, takardar na juye a hannunsa, idonsa na kan silin.

Nan take baƙin suka tsayar da komai. Suka ce an fitar da takardar tun kafin ranar, an sa yara sun haddace, za su soke sakamakon ajin gaba ɗaya su kai rahoto. Hedimasta ya fito yana zufa. Iyaye suka juyo suna kallona, har wata ta ce 'yata ta ja wa 'ya'yansu. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Sai Baba ya ratsa tsakiyar iyayen. Ya gyara hularsa, ya taka har cikin ajin, ya ƙame gaban shugabar baƙin nan da ya isa ya haife ta, ya kai ƙarar kansa. Ya ce shi ya ba da horon, shi ya ce a ɗaga murya, in akwai hukunci a kansa yake, a bar malamai da yara. Aka kira Joyce aka ba ta wata takarda don a gani, ta sake ƙamewa ta kwarara. Malama Dinah ta ce matar ta kifa kai a tebur tana dariya har da hawaye.

Sun yarda ba sata aka yi ba. Za su dawo mako mai zuwa da sabon labari, a can ƙarshen filin ƙwallo, nesa da kunnen kowa. Sai dai sun kafa sharaɗi: kowa a zaune zai karanta, ba sarawa, ba ihu. Ka ga mun koma gidan jiya. Joyce a ƙame kawai ta san yadda ake yi wa baƙo magana, ban san abin da zai fito daga bakinta a zaune ba. Baba ya ce shi iyakar abin da ya iya ke nan, a aikinsu ba a koyar da magana a hankali.

Ka ci gaba da addu'a, don Allah.

Matarka,
Theresa

Rikoto, Zuru
15 ga Yuli

Maigidana abin ƙaunata,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Ina fatan kana lafiya kamar yadda muke. Kowa na gida yana gaishe ka.

An sake jarrabawar. Wannan karon Joyce ce ta ƙarshe. Na hango ta daga shinge tana ratsa filin ita kaɗai, 'yar ƙarama, safa ɗaya ta zame. Ta isa gindin bishiyar da aka ajiye tebur, ta ɗan tsaya kamar za ta sara, sannan ta zauna. Na kasa kunne, ban ji komai ba. Shiru. Na ce wa Fadima shi ke nan, bakin ya sake mutuwa, ita ta tafi da Munirarta aji uku, ni zan san yadda zan lallashi tawa. Baba ya cire hula ya riƙe a hannu.

Da Joyce ta dawo, abin da kawai ta ce mana shi ne wai tana jin yunwa. Malama Dinah ce ta biyo mu a guje ta ce Joyce ta karanta labarin duka, da muryarta ta gida, irin wadda take yi mini hira da ita in ina girki. Da ta gama kuma ta tambayi matar da ke gwada ta sunanta, ta tambaye ta ko tana da 'ya'ya. Joyce ɗinmu fa!

Jiya sakamako ya fito. Ta wuce aji uku, Munira ma ta wuce, har sun je sun zaɓi bencinsu. Ebenezer zai zauna ajin ƙarin karatu lokacin hutu, uwarsa ta ce gara da aka gane yanzu. Ta kawo yaron wurin Baba ya horar da shi, ya ce ya yi ritaya karo na biyu. Ranar Lahadi kuma 'yarka ta gaishe da Fasto a ƙofar coci, mutumin ya waiga yana neman mai magana.

Yanzu saura kai. Joyce ta ce kowa ya ji karatunta ban da babanta. Ranar Lahadi mai zuwa bayan sujada, ka daure ka hau tudun nan da waya ke shiga, ka kira mu. Ta zaɓi labarin da za ta karanta maka, ta ƙi nuna mini. Na ce ta yi maka a hankali, ta ce a'a, kai soja ne, a ƙame za ta yi maka. Don haka in ka ji takalmi ya doki ƙasa, ka janye wayar daga kunnenka, amma kada ka kashe sai ta kai ƙarshe.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka mai kewarka,
Theresa