Ni Na Ɗaura Gashin Madam A Ƙarƙashin Farantin Lina

Assalamu alaikum 'yan uwana na wannan guruf. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, akwai 'yan garinmu a ciki. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni da wuri, domin ranar Lahadi za a sa ni in dafa Alƙur'ani, yau kuwa Alhamis. Na san za ku zage ni, ku zaga ba komai, amma in kun gama ku faɗa mini abin yi.

Ni 'yar Najeriya ce, shekarata shida ina aikin gida a Riyad, unguwar Nasiriya, da iƙamata, wato takardar izinin zama, da komai, ni ba 'yar gudu ba ce. Aurena ya mutu tun kafin in zo, yarana biyu suna hannun mahaifiyata. A gidan akwai Madam da mijinta da muke kira Baba, sai mahaifiyar Baba da muke ce wa Jadda, tsohuwa ce da shanyewar ɓarin jiki ta kama, ba ta tashi ba ta magana, sai dai ido. Shekara biyu da suka wuce aka kawo wata 'yar Filifin don ta riƙa kula da ita, bari in kira ta Lina duk da ba sunanta ba ne. Ɗaki ɗaya aka haɗa mu a ƙasa kusa da kicin. Da guntun Larabcinmu da guntun Turanci muke fahimtar juna.

Tun satin farko na lura matar nan tana da wasu halaye. Da safe in na idar da sallah, sai ta ninke bargo ta zauna a kai, ta tanƙwashe ƙafa ta lumshe ido, ko ƙuda ya sauka a hancinta ba za ta kore shi ba. Na tambaye ta wa take roƙa, ta ce ba kowa, numfashinta kawai take bi, shigarsa da fitarsa, in tunani ya zo ta gan shi ta bar shi ya wuce. Ta ce a Taiwan ta koya, wajen wata tsohuwa mabiyiyar addinin Buda da ta yi jinya shekara da shekaru. In ta gama bin numfashin kuma sai ta yi fatan alheri bi da bi, ta fara da kanta, sai wanda take so, sai wanda ba ta ma san shi sosai ba, na ƙarshe wanda ya fi ba ta wahala. Ta ce na ƙarshen nan shi ne aikin, sauran duk share fage ne. Na ce to wa ke ba ki wahala a gidan nan? Ta yi dariya ta ci gaba da ninke bargonta.

Ban da wannan akwai na kakanninta. Ita daga wani ƙauye take a arewacin ƙasarsu, kakarta ce ta raine ta. Duk lokacin da za ta ci abinci sai ta ɗebi ɗan kaɗan, loma ɗaya, ta zuba a wani ƙaramin faranti ta ajiye bayan labulen tagarmu. Atang take ce masa, wai rabon waɗanda suka rasu ne, don kada su ce an manta da su. Gefen farantin akwai wani ɗan ƙyalle saƙar hannu, ja da baƙi, bai fi tafin hannu ba, kakar ce ta saƙa shi. In za ta zubar da ruwan zafi a bayan gida kuma sai ta yi 'yar magana ƙasa-ƙasa, wai tana neman waɗanda ba a gani su matsa.

Zan faɗi gaskiya tunda ba ku san ni ba. Ko sau ɗaya ban taɓa zaton sihiri take yi ba. Kakata ta wajen uba har ta koma ga Allah tana zuba nono a gindin tsamiyar bayan gidanmu, ana yi mata wa'azi tana cewa to, kuma wa a cikinmu ke watsa ruwan zafi a makewayi bai yi bisimilla ba? Na san abin da nake gani. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne matar nan ba ta fushi. Ni kuwa zuciyata a kusa take, in Madam ta yi mini tsawa sai in wuni ina buga tukwane. Ita za a zage ta tas, ta ja numfashi ta ce "ɗayyib Madam", wato to Madam, fuskarta ko yamutsewa ba ta yi. Madam ta mayar da ita abin yi mini gori, kullum dubi Lina, koyi da Lina. Ni da ke sallah biyar a ce in yi koyi da mai zaman gunki.

Sai na sa wa raina sai na ga fushinta. In ta zauna da safe in ƙure karatu a waya in ajiye daidai kunnenta. In kashe esi mai sanyaya ɗakin in fita, kun dai san zafin Riyad. Na zuba mata gishiri a kofi. Na sha juye abincin farantin nan a kwandon shara tana kallo, in ce matattunki sun ƙoshi. Gunki nake kiranta, har direban gidan ya ɗauka sunanta ke nan. Iyakarta ta wanke farantin ta mayar. Akwai ranar da aka kira ni daga gida aka ce ɗana ƙarami yana asibiti, na zube a kicin numfashina yana sarƙewa, ita ce ta riƙe hannuna tana ƙirga mini, shiga, fita, har na dawo hayyacina. Ya yi mini amfani, ba zan ɓoye ba. Washegari na ji na ƙara tsanarta, saboda ta ga raunina ni ban taɓa ganin nata ba.

Abin ya faru ne sati biyu da suka wuce. Lina ta bi direba karɓo magani, aka bar ni da Jadda. Na canza mata famfas, na gyara gado, ban ko wanke hannu ba ta sake ɓata shi. Ga girki a wuta, ga Madam tana ƙwala mini kira daga sama. Na kama cinyar tsohuwar nan na murɗe da iya ƙarfina. Ba ta iya ihu, ido kawai ta zaro hawaye na bin gefen fuskarta. Ina ɗagowa na ga Lina a bakin ƙofa da ledar magani.

Ta shigo ta shafa wa wurin mai ta lallashi tsohuwar. Da yamma a ɗakinmu ta ce mini ta san na gaji, kuma ba za ta je ta kai ƙarata ba. Amma wurin zai yi baƙi, Madam za ta gani, in kuma aka tambaye ta ba za ta yi ƙarya ba, don ta ɗaukar wa kanta alkawarin daina ƙarya tun a Taiwan. Ta ce gara in je in faɗa da bakina, za ta raka ni ta tsaya kusa da ni. Ku ji fa, ni za ta raka. Da ta zage ni ko ta ce sai ta tona mini asiri, wallahi da ya fi mini sauƙi.

Washegari ina gyaran ɗakin Madam na cire gashin da ya maƙale a matajinta. Na samu baƙin zare na ƙulla shi ƙulli-ƙulli, na naɗe a cikin ƙyallen kakar Lina, na tura ƙarƙashin farantin. Sannan na hau sama da fuskar tsoro, na ce Madam akwai abin da na daɗe ina gani ina jin nauyin faɗa. Na kawo ta har bayan labule. Na ƙara da cewa ta duba jikin Jadda, ni dai ina ganin wasu tabo da ban gane musu ba.

Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san yadda suke da maganar sihiri, musamman a kan 'yan aiki. Madam tana warware ƙyallen ta ga gashinta ta fasa ihu. Ba ta tambayi Lina komai game da tabon ba, mari kawai ta shiga yi, ta haɗa har da takalmi. Baba ya kira mai ruƙiyya, ya warware ƙullin yana karatu, aka fasa farantin, aka ƙone ƙyallen a tsakar gida. A nan ne kawai na ga Lina ta yunƙura, ta miƙa hannu cikin wutar, direba ya janye ta. Tana cewa na kakata ne, shi kaɗai ya rage mini. Ni ina tsaye jikin ƙofar kicin, kuma in faɗa muku, a lokacin daɗi na ji. Na ce a raina ashe dai kina da inda ke miki ciwo.

Baba ya tambaye ta ko ita ta ƙulla, ta ce a'a. Ya ce to wa? Ta juyo ta kalle ni. Ta ce ba ta ga lokacin da aka yi ba, don haka ba za ta kira sunan kowa ba. Aka karɓe wayarta aka kulle ta a sito. Ƙanin Madam ya ce kada a tsaya sallamarta kawai, a miƙa ta ga shurɗa, wato 'yan sanda, don ta zama darasi. Baba ya ce shi ba zai ɗauki alhakin kowa a kan zato ba, sai wadda ta ce ta gani, wato ni, ta rantse a gabansa da gaban malamin ruƙiyyar. Shi ne aka sa Lahadi, in ya dawo daga tafiya.

Yanzu ni ke kula da Jadda, ni ke kai wa Lina abinci. Tsohuwar nan in na kawo cokali sai ta datse baki ta kafe ni da ido. Kwana da kwanaki ba ta ci daga hannuna, sai Madam ta zo da kanta. Madam ta ce ragowar sihirin ne. Ni da Jadda mun san ko mene ne.

Jiya da rana na buɗe siton na ajiye mata shinkafa. Ta rame, yatsunta biyu sun tashi inda wuta ta lashe su. Ta ɗebi loma ɗaya ta ɗora a kan murfin robar ruwa ta tura gefe, sannan ta fara ci. Abin ya ba ni haushi, na ce har yanzu ba ki daddara ba? Ta ce in taimaka in riƙa juya Jadda duk bayan awa biyu, bayanta yana saurin yin gyambo. Na ce ban zo karɓar umarni ba. Har na kama ƙofa ta kira ni da kalmar da take kirana tun zuwanta.

"Sista, kin taɓa tambayata wa ke ba ni wahala. Shekara biyu kullum da sunanki nake rufewa, ina cewa ki zauna lafiya, yaranki su zauna lafiya. Yau da safe na zo kan sunanki na kasa. Na yi ta gwadawa, ya ƙi fita."

Na ce to sai me?

Ta ce, "Ba komai. Gobe zan sake gwadawa."

Abin da na shekara biyu ina nema ke nan, na samu. Na kulle ƙofar na koma kicin, na tsaya gaban tukunya na rasa me na zo yi.

Na yi ta lallashin kaina. Na ce ai ba musulma ba ce, abin da take yi ma shirka ne, ko ban ƙulla gashin ba ai farantin nata ne. Na ce ofishin jakadancinsu yana tsaya wa mutanensa, ƙila a ƙarshe gida kawai za a mayar da ita. Amma ban san iya inda abin zai tsaya ba in ya shiga hannun hukuma, kuma ita ma tana da 'ya mace da take karatu da guminta. In na faɗi gaskiya kuwa, ni ce na murɗe uwar mai gida, ni ce na taɓa gashin Madam na ƙulla da hannuna, wato sihirin da ake nema a kaina zai dawo. Mafi sauƙi a kore ni, in koma wa mahaifiyata da yara biyu hannu wofi, mafi muni ba na ma son in faɗa. Wata ƙawata da ke aiki wajen unguwar Dira, ban gaya mata duka ba, ta ce in tattara in gudu kafin Lahadi. In na gudu Lina tana nan a sito, ni kuma na zama marar takarda.

To 'yan uwa, musamman malaman cikinmu da waɗanda suka daɗe a ƙasar nan, ya zan yi? In Baba ya dawo in same shi shi kaɗai kafin rantsuwar in faɗa masa komai, tunda ya fi Madam sanyi? Ko akwai hanyar da zan janye maganata a sake ta ba tare da na tona kaina ba? Kada wanda ya ce mini in yi istigfari kawai in yi shiru, na gwada, ina ɗaga hannu idon tsohuwar nan nake gani. Saura kwana uku a ajiye mini Alƙur'ani a gabana, kuma mabuɗin siton yana cikin aljihuna yanzu haka da nake rubuta muku. Me zan ce ranar Lahadi?