Ƙarshen Rijiya

Dogo Tebo, Potiskum
10 ga Maris, 1996

Abokina Hussain,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kuma Ilori ta karɓe ka hannu biyu. Yaya bautar ƙasa, yaya ɗaliban naka? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya kunno kai. Ranar Juma'a na je gidanku na gaida Ya Kaka, ta ce in gaya maka ka riƙa cin abinci, wai a hoton da ka aiko wuyanka ya ƙara tsawo.

Raina a ɓace yake, shi ya sa na ɗauki biro. Leonard ya kawo sabon gem shagonsa, Sega, da kaset ɗin dambe. Ba zan yi ƙarya ba, yana da kyau, mutanen ciki har gumi suke yi. Amma tun da ya zo kowa ya juya wa tsohon gem ɗinmu baya. Wasan Rijiya, wanda ni da kai muka yi shekara biyu muna saukar da mahaƙan nan biyu mataki bayan mataki, yanzu sai ni kaɗai nake taɓa shi.

Mu'az ne ya fi ba ni haushi. Ka san shi da baki. Ya tsaya a tsakiyar shago yana cewa Rijiya wasan yara ne, kuma ba ta da ƙarshe, zagaye kawai take yi da mutum kamar raƙumin ban ruwa. Na ce wasan dambensa minti biyu ne, ka daddanna a haukace ka ci, ba ya buƙatar kai. Ya ce ni ma da ina da kai da ban shekara biyu a rami ba. Aka yi mini dariya, har da waɗanda ni na koya musu riƙe hannun gem. Zuciya ta ɗebe ni na rantse a gaban kowa cewa Rijiya tana da ƙarshe, kuma zan nuna musu.

Leonard ya ce to, ya ba ni zuwa Asabar ta farko bayan Babbar Sallah. In ba a ga ƙarshe ba, zai kwashe tsohon gem ya aika ƙauyensu, ya sa Sega na biyu a teburin.

Ka san matsalarmu. Wasan ba ya ajiye inda ka tsaya, kuma ba mu taɓa wuce mataki na talatin da ɗaya ba tare da an ɗauke wuta ba. Don Allah ka tambaya a can, ko akwai wanda ya taɓa yin nisa. Joda direba zai kawo maka wannan in ya bi da shanu zuwa Legas, ka ba shi amsa a hanyar dawowa.

Ka gaida abokan zamanka. Ina kewarka, musamman a hannun gem na biyu.

Naka,
Bubayaro


Dogo Tebo, Potiskum
14 ga Afrilu, 1996

Abokina Hussain,

Gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu ma alhamdu lillahi. Takardarka ta iso, tana warin shanu, amma na karanta ta sau huɗu.

Allah ya saka wa abokin aikin nan naka da ya taɓa yin nisa a Rijiya da alheri. Na haddace abin da ya ce: daga mataki na talatin da biyar ƙofa biyu ce a kowane mataki, ja da koriya, suna sauya gefe, ja tana kai ka ƙasa, koriya ta mayar da kai na ashirin. Ashe shi ya sa mutane suke cewa zagaye take yi! Duk da shi ma a na talatin da takwas ya tsaya, na ji ƙarfi a jikina.

Maganar wuta kuma na gama da ita. Shekara takwas ina gyaran wutar tireloli a gareji, ban taɓa tunanin sana'ata za ta yi mini rana a nan ba. Joda ya ara mini batirin mota. Na jona gem ɗin da shi, na sa ƙwan fitila a tsakani don kada wutar ta yi masa yawa. Talabijin ɗin Leonard ba ta aiki da batir, sai na ɗauko ƙaramar baƙi da fari ta gidanmu. Mun gwada har mataki na goma sha biyu, ko ƙiftawa bai yi ba.

Joda ne zai riƙe hannu na biyu. Ba kai ba ne, yana tsalle kafin lokaci, yana tuƙa mahaƙinsa kamar zai wuce wata motar a kwana. Amma yana jin magana.

Mu'az kuwa ya sa mini suna Sarkin Rami, yanzu har masu shayin bakin tasha da shi suke kirana. Ina dariya a fili, amma wallahi ina jin tsoro. In abin nan ba shi da ƙarshe, ban san da wane ido zan sake shiga shagon ba.

Ka sa mu a addu'a. Barka da Sallah tun yanzu.

Naka,
Bubayaro


Dogo Tebo, Potiskum
5 ga Mayu, 1996

Abokina Hussain,

Gaisuwa mai tarin yawa, ina fata ka yi Sallah lafiya. Ya Kaka tana lafiya, kowa lafiya. Yau ba zan tsawaita gaisuwa ba, ka yafe mini.

Rijiya tana da ƙarshe! Na gani da idona, kuma mutum sama da talatin sun gani.

Jiya ƙarfe goma na safe muka fara. Shago ya cika, wasu ta taga suke leƙe, Sega ma kashe shi aka yi. Muna na goma sha tara aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, talabijin ɗinmu ko a jikinta. Ihun da aka yi sai ka ce an ci ƙwallo. Da aka kira azahar muka tsayar da wasan muka tafi masallaci, muka bar Leonard yana gadi. Mun dawo muka same shi da mafici yana yi wa gem ɗin fifita, shi kuwa gumi ya jiƙa masa riga. Mutumin da ya ce zai aika da shi ƙauye!

Muka wuce na talatin da ɗaya, inda ni da kai muka saba tsayawa. Mahaƙin Joda ya mutu a na talatin da uku, saura ni da rai biyu. Sai ga na talatin da biyar, ga ƙofofi biyu.

Hussain, dukansu toka-toka ne. Talabijin baƙi da fari! Sati uku ina alfahari da dabarata, ni da Joda da Leonard babu wanda ya tuna cewa ja da kore ba za su fito ba. Na rufe ido na zaɓi ta dama, sai ga ni a na ashirin. Wani a taga ya ce ai dama an faɗa.

Awa guda na yi kafin in sake saukowa, na rasa rai ɗaya a hanya, yatsuna sun kumbura. Na iso ƙofofin na tsaya ina kallonsu kamar wawa, lokaci yana ƙarewa.

Ka san wanda ya yi magana? Mu'az. Da ya yi shiru da shi ya ci gardamar, kuma kowa ya san haka. Amma ya yi tsaki ya ture mutane ya zo ya kusa manna hanci a gilashi, ya ce in shiga ta hagu. Wai shi tun yana ƙarami a baƙi da fari yake kallon ƙwallo a gidansu, ya san jar riga ta fi koriya duhu, kuma ba zai iya tsayawa yana kallon makafi ba. Na dube shi, na ce a raina ko so yake ya ƙarasa ni. Na shiga ta hagu. Talatin da shida!

Daga nan shi ne idona. Hagu, dama, dama, yana faɗa yana zagina in na yi nawa. A na arba'in babu ƙofa, sai wani dutse. Na sare shi sau uku, ruwa ya ɓalle, ya ɗauko mahaƙina, ya ɗauko na Joda ma, ya yi sama da su ta duk matakan da muka sha wahala a ciki, har suka fito fili. Ga rana, ga itace guda, su biyu suna ɗaga hannu.

Bai fi daƙiƙa goma ba, sai ya koma mataki na ɗaya. Mu'az ya yi tsalle ya ce kun gani, ai zagaye take yi! Babu wanda ya saurare shi, an riga an ɗaga ni sama, kaina ya bugi fanka, Allah ya so babu wuta. Shi ma daga baya na gan shi yana tambayar Joda yadda ake tsallake na bakwai.

Leonard ya ce gem ɗin ba ya zuwa ko'ina. Yau da safe mutum tara ne a layi, kowa yana ba kowa shawara.

Na yi farin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, amma lokacin da mutanen nan biyu suka fito suna ɗaga hannu, sai na waiwaya dama don in ga fuskarka, na ga Joda. Na kusa yin ƙwalla a gaban mutane. Mun fito, Hussain, kuma da takardarka a aljihuna muka fito.

Ka gaida abokin aikinka, ka gaya masa matakai biyu kawai suka rage masa. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Naka har kullum,
Bubayaro, Sarkin Rami