Rijiyar Masama A Bayan Kwabo

Kalgo.

Yaya Huseina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya.

Albishirinki! Ƙungiyarmu ta 'yan asalin ƙasar Gwandu za ta buga kwabon tunawa da kayan tarihi, mai ƙarfe biyu: fari a gefe, ja a tsakiya. Na sha gumi kafin suka yarda a sa rijiyar da kakanmu ya haƙa. Na ji za ku yi gayyar gyaran bakinta. Don Allah ku dakata har mai zane ya zo ya ga tsofaffin itatuwan nan da igiyar guga ta cinye. Su ne tarihin. Siminti ba ya kyau a kwabo.

Ƙaninki, Sirajuddeen.

Masama.

Siraju,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya, sai gajiya.

Itatuwan da kake yabo gara ta gama da su, kai dai ka daɗe ba ka ja guga ba. Unguwa duka nan muka sha. Na kai ma maigari saƙonka, yac ce ɗan boko ya hi mu sani, aka ɗage gayya. Mazan sun koma sharar gona, kuma ka san ba a tara su sau biyu. Hadari ya fara haɗuwa. Ina mai zanen naka?

Yayarka, Huseina.

Kalgo.

Yaya,

Bayan gaisuwa, ki ƙara haƙuri. Mai zanen yana Kambaza, daga can sai ku. Ni ma zaman taro ya ishe ni, kullum gardama kan wane gari zai fito a fuska, wane a baya. Abin da ya yi shekaru a tsaye ba zai faɗi bana ba.

Sirajuddeen.

Masama.

Siraju,

Ina gaisuwa. Mai zanenka ya zo ya tahi, amma gayya ba ta sake taruwa ba. Kwabonka ya iso, ya yi kyau, har sawun igiya ya hito.

Ruwan daren Laraba ya rufta bakin rijiya, ƙasa ta bi itatuwan ciki. Ba wanda ya ji ciwo. Maigari ya sa an cike ramin kada yaro ya faɗa. Raina ya ɓaci, amma na gaji da faɗa.

In za ka zo bikin rabon kwabon, ka taho da ruwan shanka.

Allah shi tsare hanya.

Huseina.