Sauran Kwana Goma Sha Bakwai

Lübeck, 8 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Frauke,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kuma gwiwar nan taki ta sassauta. Ya sanyin Husum? Ki gaishe min da mijinki Tjark, ki ce na gode da ya karɓi ciyar da kyanwata, amma kada ya ba ta madara ko da ta yi masa kuka.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Maigidana Hinnerk ya kulle wayoyinmu duka biyu a durowar kicin, wai kafinta mai yawon sana'a ba ya riƙe waya. Na ce masa ai kafinta mai yawon sana'a ba ya tafiya da mata, ba ya kai shekara sittin da bakwai, ba ya kuma shan maganin hawan jini kowace safiya. Ya yi kamar da bango nake.

A tasha kin tambaye ni wane irin hauka ne ya fitar da mu a farkon Janairu, ban iya ba ki amsa a gabansa ba. To ga ta. Kin san ƙa'idarsu: wanda ya gama koyon kafinta ya ɗauki sanda, sai ya yi shekara uku da kwana ɗaya yana bin garuruwa yana aiki, ba tare da ya matso kilomita hamsin kusa da garinsu ba. Hinnerk saura kwana goma sha bakwai ya cika nasa ya dawo gida. Yau shekara arba'in da biyu. 'Yan ƙungiyarsu ba su rako shi ba, ba su taɓa gayyatarsa taro ba, shi kuma bai taɓa ɗago maganar ba. Da ya ajiye aiki a watan jiya sai ya sauko da akwatinsa daga saman rufi, ya ce zai je ya cike kwanakinsa, kuma a cikin sanyi, tun da na sanyi ne suka yi masa saura.

Da kin gan shi. Baƙin wandon nan mai faɗin ƙafa, malafa, sanda murɗaɗɗiya, da falmaran mai maɓalli takwas wadda ta ƙi rufe tumbi sai da na ƙara mata ƙyalle a baya. Jiya ya shiga ofishin magajin gari da tsohon littafinsa na hatimai, wanda duk garin da suka shiga ake buga musu hatimi a ciki. Ya cire malafa ya fara karanto gaisuwar da suke yi, ya kai tsakiya ta ɓace masa. Matar da ke wurin ta dubi furfurarsa, ta buga masa hatimi. Daga nan ya ja ni bakin kogi, wajen tsofaffin rumbunan gishiri, ya tsayar da ni rabin awa a iska yana nuna min wani rufin da ya ce da hannunsa a ciki. Ni dai jan bulo na gani da ƙanƙara. Ƙarfe huɗu gari ya yi duhu, muka koma masauki na ci alawar nan ta mutanen garin har ta gundure ni.

Yanzu ga abin da ke cina. Ni da ke kaɗai muka san abin da ya dawo da shi. Wasiƙar da na aika masa garin Ribe na Denmark ce, wadda na ce likita ya ga wani abu a huhuna, alhali ko tari ba na yi. Tsoro nake kada ya samu wata a can. Ke kika buɗe masa ƙofa, ke kika riƙa cusa min gorar ruwan zafi a bargo har sati biyu. Duk lokacin da na gan shi yana shafa littafin nan sai in kau da kai. Ina so in faɗa masa kafin mu dawo, kuma ina tsoron irin kallon da zai yi min.

Ki rubuto min a masaukin Odense, adireshin yana bayan takarda.

Ƙanwarki,
Wiebke

Kopenhagen, 13 ga Janairu

Yaya Frauke,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan ku da Tjark kuna lafiya, kuma ba ku bar famfon gidana ya daskare ba.

Mun iso, amma da wahala. Kowa ya san jirgin ƙasa ne hanyar Kopenhagen. Mutumin naki Hinnerk ya shimfiɗa taswira a kan gado, ya ɗaura zare a fensir ya zagaye Husum, ya ga layin dogo ya ratsa cikin da'irarsa ta wajen Flensburg. Shi ke nan, jirgin ƙasa ya haramta. Na ce masa ko tsayawa ba za mu yi ba, ya rufe ido idan mun zo wurin. Ya ce ƙa'ida ba ta san rufe ido ba. Haka muka hau jirgin ruwa daga Travemünde zuwa Malmö, awa tara a kan teku, sannan muka haye gada.

A cikin jirgin na yi niyyar faɗa masa. Na ga ba shi da wurin gudu, ni ma haka. Na sayo mana kofi, na zaunar da shi kusa da taga, na ce Hinnerk akwai wata magana. Sai fuskarsa ta canja launi, ya tashi da sauri ya nufi bayi. Awa shida yana amai. Ba a yi wa mutum irin wannan magana yana rungume da bokiti.

Garin nan yana da kyau, ba na musu, amma sanyinsa na shiga ƙashi ne. Mun zaga tsohuwar tashar ruwa, mun hau hasumiyar nan da ba ta da matakala, ya tsaya hutu sau biyar yana cewa ginin yake dubawa. Safe da rana baƙin burodi da kifin gishiri. Safarsa da na wanke tun shekaranjiya har yanzu ba ta bushe ba.

Jiya abin ya kai ni maƙura. Muna cin abinci a wani ƙaramin shago sai ga masu yawon sana'a na gaske su biyu, da kayansu da ƙullin tsummansu, ɗaya ma mace ce. Suka hango malafarsa suka taso teburinmu. Macen ta ce, "Baba, kai kuma tun yaushe ka ɓata a hanya?" Ya yi dariya ya ba su labari. Da suka tambayi abin da ya mayar da shi gida, ya ɗora hannu a kafaɗata ya ce budurwarsa ce ta kwanta ciwo, kuma bai taɓa da-na-sani ba. Suka miƙe suka ɗaga min kofuna. Yaya, da ƙasa za ta tsage da na shige. Na yi murmushi na ce na gode, kamar mutuniyar kirki.

Yau ya tashi yana fito. Rabon da in ji fitonsa tun kafin Mamarsa ta rasu. Saura kwana tara.

Taki,
Wiebke

Odense, 16 ga Janairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta riga mu isowa, na gode. Na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi, ban ji daɗi da Tjark ya ba kyanwa madara ba. Ai na faɗa.

Kin ce in ja bakina in yi shiru, abin da ya wuce ya wuce, mutumin yana cikin farin ciki me ya sa zan ɓata masa. Ke dama haka kike tun muna yara, ki fasa tulu ki tura gutsattsarin ƙarƙashin kabad. Da sauƙi a wurinki, ba ke kika zauna da shi ba.

Bari ki ji yadda abin yake. Shekara arba'in da biyu ban taɓa yi wa Hinnerk faɗa na kai ƙarshe ba. Ya shigo min da garin katako har kan gado, in buɗe baki, sai in tuna in rufe. Mamarsa ta zauna mana shekara tara tana gyara min yadda ake fere dankali, na haɗiye. Sau nawa na so mu je Italiya mu sha rana, ya ce shi bai iya zafi ba, na ce to. Mutane suna cewa Wiebke akwai haƙuri. Ke kin san ni, wane haƙuri gare ni? Duk shekara idan 'yan ƙungiyarsu suka yi taro a Husum, sai ya shiga shago ya rufe ƙofa ya yi ta yankan katakon da ba kowa ya sa shi ba. Ni ina kicin ina jin ƙarar zarto, na san ni na jawo.

Na gaji, Yaya. Ina son mutumin nan, kuma ina so ko sau ɗaya ya dube ni ya san wadda yake kallo. Idan ya ƙi ni bayan haka, to ya ƙi ni da saninsa.

Odense babu abin faɗa sosai. Ƙananan gidaje, lunguna masu duwatsu, santsi ko'ina. Ya samu hatiminsa, wannan karon ya kai gaisuwar har ƙarshe. Jibi za mu wuce Ribe, inda ya yi aikinsa na ƙarshe, inda kuma na aika takardar. A can zan faɗa masa, kada ki ɓata tawada wajen hana ni.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Wiebke

Ribe, 21 ga Janairu

Zuwa ga Yayata Frauke,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Ki nemi kujera ki zauna kafin ki ci gaba.

Jiya Litinin da hantsi muka je shagon da ya yi aiki, a bayan babban coci. Maigidansa Aage ya daɗe da rasuwa, 'yarsa Bodil ce ke riƙe da wurin, ita ma ta yi furfura. Tana ganinsa ta gane shi, ta ce ga Bajamushen da ya gudu ya bar gudumarsa a kan rufi. Ta shigar da mu kicin ta dafa kofi. Ni ina ta jera maganata a zuci, na ƙudura da mun fito zan faɗa masa a bakin kogi.

Sai Bodil ta ce af, akwai ajiyarsa. Ta shiga ciki ta dawo da wani tsohon gwangwanin biskit, ta tona, ta ciro ambulan ta ajiye a gabansa. Ta ce ta iso kwana biyu bayan tafiyarsa, babu sunan mai aikowa a baya, shi kuma bai bar adireshi ba, babanta ya ce a ajiye wata rana zai dawo ɗaukar gudumarsa.

Rubutuna ne, Yaya. Shuɗiyar ambulan ɗin nan da na sato a durowar Mama. Ba a taɓa buɗe ta ba.

Na dubi ambulan, na dubi Hinnerk. Kunnuwansa sun yi ja. Bodil ta ga abin ba na zama ba ne, ta ce bari ta duba masu aiki.

Ya ce, "Ban taɓa ganin takardar nan ba, Wiebke."

Na ce to me ya dawo da shi.

Ya ce, "Ina kan rufi da safe, na ajiye guduma na sauko na kama hanya. Na kasa ƙara kwana goma sha bakwai ban gan ki ba. Shi ke nan."

Sauran ya fito masa da kaɗan-kaɗan. Ya ce ya iso ƙofar gidanmu bai san abin da zai faɗa ba, sai ke kika buɗe kika ce, ka samu wasiƙarta ke nan. Ya ce e. Kin tuna Litinin na aika, Laraba ya buga ƙofa, har kika ce gidan waya na Denmark akwai sauri? Mu biyu da wayonmu ba wadda ta yi lissafi. Ya ce tun kwana na uku ya gane lafiyata ƙalau, don ya leƙo ta taga ya gan ni ina cin kifi na biyu a tsaye. Amma ya yi shiru. Wanda ya karya ƙa'ida don budurwarsa tana ciwo ana jin tausayinsa, wanda ya karya don kewa kuwa dariya za a yi masa har ya mutu. Ya rungumi ciwona ya yi ta yawo da shi, har gaban yaran nan na Kopenhagen. Ya ce duk shekarun nan kunya yake ji, yana ganin ya fake a bayana.

Kin san abin da na yi? Faɗa. Na yi masa faɗan da na kai ƙarshe, a kicin ɗin mutane, har masu aiki suka kashe inji. Na faɗi na garin katako, na faɗi na dankalin Mamarsa, na faɗi na Italiya. Ya zauna da malafa a cinya yana cewa gaskiya ne, gaskiya ne. Da na gama ya tambaya ko zai iya karanta takardar. Na ce sunansa ne a kai. Ya sa tabarau ya karanta sau biyu, ya ninke ya sa a aljihu, ya ce na iya ƙarya. Na ce na samu abokin yi.

Har yanzu ban huce ba, kuma ba na gaggawa. Ya ce mu hau jirgi mu koma gida yau, abin ya ishe shi haka. Na ce bai isa ba. Gobe ne kwana na ƙarshe kuma zai yi shi, ko da zaune ne a masauki yana kallon ruwan sama. Alhamis da rana za mu iso. A al'adarsu mai dawowa sai ya haura ta saman allon sunan gari kafin ya taka ƙasar garinsu, don haka ki ce wa Tjark ya same mu a allon hanyar arewa da tsani, mai ƙarfi, ba wanda yake tsinkar tuffa da shi ba. Ke ma ki zo, yana da magana da ke.

Yanzu haka yana can wajen Bodil, wai sun nemo gudumar. Ni ina zaune bakin taga na kasa yin komai, abu ɗaya nake ta juyawa. Shekara arba'in da biyu ina ganin da ƙarya na jawo shi gida. Ashe ba wanda ya kira shi, Yaya. Da ƙafarsa ya zo.

Sai mun haɗu a bakin allo.

Ƙanwarki,
Wiebke