Waƙata a Bakin Regina

Lahadi, 7 ga Janairu, 2024

Bayan sujada a majami'a Mama Joanna, shugabar zumuntar matanmu, ta tsayar da mu a gindin mangwaro. Ta ce kowace mace ta zaɓi buri ɗaya na bana, kullum da safe bayan addu'a ta rufe ido ta ga kanta ta riga ta kai wurin. "Ki gan shi har da kalan zani da kin ɗaura," in ji ta. Mata suka yi ta dariya. Ni ban yi ba, don nawa na daɗe da saninsa: babban taron zumunta a Kwoi cikin Maris, ni a gaba riƙe da makirfo ina ba da waƙar da na shirya, mata suna amsawa. Shekara da shekaru ina layin baya ina buga tulu. Ya isa haka.

Talata, 16 ga Janairu

Abin yana aiki. Da na buɗe ido sai in ji ƙarfi, ina shara ina gyara baitoci. Na daina shan ruwan sanyi. Baban Asher ya ce ko kajin gidan nan sun haddace amshin. Ya yi ta tsiyarsa, ranar zai gani.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Wata sabuwa ta shigo koyon waƙa. Regina, matar malamin da aka yi wa canji daga Kachia zuwa nan Kafanchan. Ko zanin zumunta ba ta da shi tukuna. Na koya wa mata waƙata, ta saurara kaɗan, sai ta ɗauka ta kai ta saman da ni ban taɓa kaiwa ba. Na tafa mata, to me zan yi? Ina tafawa ƙirjina yana zafi.

Talata, 13 ga Fabrairu

Regina ce za ta ba da waƙar a Kwoi. "Maman Asher, ke kin rubuta, ita zai ɗaga. Duk aikin Ubangiji ne," haka Mama Joanna ta ce. Na ce amin. Na koma wurin tuluna na buga shi kamar shi ya yi mini laifi.

Kishi nake yi. Ga shi na rubuta, ba wanda zai gani.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Ban daina rufe ido da safe ba, sai dai yanzu ita nake gani riƙe da makirfon. Na yi, na yi in cire ta, ta ƙi fita. Shi ne na bar ta a wurin, amma na ƙara mata tari. Ta buɗe baki, murya ta maƙale, matan Kwoi suna kallon juna, Mama Joanna tana waiwaye tana nemana. Ina ganinsa tsaf, har da gumin goshinta. Abin kunya, wannan ya fi na farkon sa ni tashi da wuri.

Kuma yarinyar ba ta yi mini komai ba. Jiya a kasuwa har ta karɓar mini kaya. "Mama, waƙan ki yana sa ni kuka," ta ce. Da ma mai girman kai ce, da na huta.

Talata, 5 ga Maris

Regina ta zo koyon waƙa ba murya. Mura ta kama ta, magana ma sai raɗa. Ta gwada baitin farko, tari ya sarƙe ta. Mama Joanna ta waiwayo, daidai yadda na saba gani. "Maman Asher, ki shirya. In bai warke ba kafin sati mai zuwa, ke ne."

Tuwon dare ya ƙi wucewa.

Laraba, 6 ga Maris

Mura ce kawai, rabin unguwa na fama da ita. Tunani ba ya sa wa mutum ciwo. Na san haka.

Na rufe ido yau, ga ni a gaba, ga makirfo, ga zanina sabo. Can baya Regina tana rungume da tuluna, bakinta a rufe. Na buɗe ido tun ban kai amshi ba.

Juma'a, 8 ga Maris

Na biya ta gidan su Regina, hanya ce ta bi da ni. Na dafa mata citta da lemon tsami, na zuba zuma, na tsaya a kanta har ta shanye. Na hana ta magana, na hana ta wanki da ruwan sanyi. Ta roƙe ni da hannu in rera mata baiti na biyu, na rera, na nuna mata inda ake jan numfashi, wurin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da zan fita ta ce, "Na gode, Mama," sai na ji muryar ta fara dawowa. Na ji haushi, ba zan yi ƙarya ba.

Gobe zan sake kai mata. Cittar ce ta yi mini yawa a gida.